Tanti Mariama, Wadda Ta Doke Kofin Ruwa Daga Hannuna

Tanti Mariama ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ko dadduma ban naɗe ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yata Walida ce ta kira daga Guangzhou, inda take karatun aikin jinya. Ba ta taɓa kirana da sassafe haka ba, don ta san halina. Ina ganin sunanta a waya na san ba lafiya ba. Na ɗauka, kuka kawai nake ji, babu magana.

Na ce, "Walida, mene ne? Me ya same ki? Yi mini magana, kina numfashi?"

Ta ce, "Umma, ni lafiyata ƙalau. Tanti ce."

A kicin ɗin wurin aikinta aka sami Tanti, zaune kan 'yar kujerarta ta tsuguno, ta jingina da bango, farantin kifi a cinyarta. Ta cire ƙayar rabi, saura rabi.

Ku yi haƙuri da rubutun. Ni nake yi da yatsana, ban ba kowa ya yi mini ba. Sai da na girma na haihu kafin in san harafi, kuma na farkon da na sani ita ta zana mini shi a kan garin fulawa. Bai kamata wani ya karɓe ni wannan aikin ba.

Da yawanku ba ku san ta ba. Bari in gaya muku ko wace ce.

Shekarar da aka yi wasannin Olympics a China muna Guangzhou, ni da Walida, tana 'yar shekara huɗu. Babanta jakunkunan mata yake sarowa a kasuwar Shiling yana turowa Kano, sai ya ɗauko mu mu zauna kusa da shi. Ya dawo gida zai sabunta biza, ya ce ba zai daɗe ba. Ashe an tsaurara komai saboda wasannin. Aka hana shi. Shi yana Kano, mu muna can, tawa bizar kuma ta ƙare tana kwance a akwati.

Wanda bai taɓa zama a ƙasar mutane ba takarda ba, ba zai gane ba. In na ji takun takalmi a bene sai in ruga in kulle ƙofa. In na hango motar 'yan sanda a titin Huanshi Lu sai in shige shagon da ban yi niyya ba.

Ba kamun nake tsoro ba. Tsorona a kama ni a waje, Walida tana ɗaki ita kaɗai, ba wanda ya san tana ciki. Ko a kama mu tare a raba mu. Shi ya sa ko gishiri zan sayo goye nake da ita, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na dukan cinyoyina.

A haka Tanti ta gan ni a gindin Tianxiu, dogon ginin da mutanenmu ke da shaguna a ciki. Ta dube ni, ta dubi goyon, ta ce, "Ke 'yar Kano, wannan ai ta isa ta goya ki."

'Yar Damagaram ce. Ta auri wani Musulmin China, ya rasu, ba su haihu ba, ta yi zamanta. Tana jin yarensu kamar a can aka haife ta. Ita ce mai dafa abinci a wani gidan kula da tsofaffi na Musulmin can, waɗanda 'ya'yansu ke wajen aiki, ba mai zama da su. Ta ce tana neman mai taimako a kicin, wadda ta san halal kuma ba ta ƙyamar ƙarnin kifi.

Na ce, "Tanti, ba ni da takarda."

Ta ce, "Bon," wato "to" da Faransancin mutanen Nijar. "Tukwanen nawa ma ba su iya karatu ba."

Na ce ga kuma yarinya. Ta ce akwai sito a bayan kicin, sai ta zauna da buhunan shinkafa. Loban, wato shugabar gidan, ta dube mu sau ɗaya ta kau da kai. Ba kowa ke son aikin ba.

Aikina wanke tukwane, goge ƙasa, yanka ganye, jera tire, tura keken abinci zuwa falon tsofaffi. Amma babban aikin shi ne ƙayar kifi. Mutanen can kusan kullum sai sun ci kifi. A turara shi, a kawo mini, in zauna in bi shi da yatsa, in murje, in sake murjewa. Sannan Tanti ta bi bayana. In ta tsinci ƙaya ba ta faɗa. Sai ta ɗora mini ita a bayan hannu ta ce, "Ga gawa ɗaya."

Har a mafarki ina cire ƙaya.

Kowane tire da rubutu a jikinsa. Wannan ba gishiri, wannan ba sukari, wannan sai an niƙa. Ni ko Hausa ban iya karantawa ba, balle nasu. Na ɓoye, ina satar kallon hannunta, kada in kai wa mai ciwon sukari na wani. Washegari na zo na tarar ta ɗaure zare a kunnen kowane tire, wani ja, wani baƙi, wani fari. Ta ce wai idonta ne ya fara rauni, don kanta ta yi.

Idonta da ke ganin ƙayar da ta fi gashi siranta.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Da rana in aiki ya lafa sai ta baza fulawa a tebur ta zana da yatsa. Ta ce, "Ga ki nan, Asabe. Wannan shi ne A. Dube shi, ƙafa a ware kamar mai shirin gudu. Sak ke."

Wata rana na so in nuna ni ma na iya wani abu. Na ce, "Tanti, tsofaffin nan da ba su da haƙori, me zai hana in tuƙa musu tuwon shinkafa da miyar kuɓewa? Haka muke yi wa kakata, haɗiya kawai take."

Ta ajiye ludayi. "Jana'iza kike so a yi a jere?"

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Da yawansu sun yi shanyewar ɓarin jiki, maƙogwaronsu ba ya rufe hanyar iska da kyau. Abin da muke ganin mai sauƙin wucewa, shi ke zarcewa inda bai kamata ba. Ta nuna ƙofar kicin ta ce, "Mai santsi, mai danƙo, mai kama da ƙwallo, ba ya fita ta nan."

Sai ta tambaye ni, "In abu ya tsaya wa mutum a wuya, me kuke yi a Kano?"

Na ce a ba shi ruwa, ko ya haɗiyi lomar tuwo ta tura shi.

Ta ce, "Mu ma haka muke yi a Damagaram. Haka muka yi wa ƙanena."

Daga muryarta na gane bai rayu ba. Ta jawo ƙaramin buhun shinkafa ta kifa a gwiwarta, ta nuna mini inda ake duka, tsakanin kafaɗu, da gindin tafin hannu, kan mutum yana ƙasa. Ta sa na yi ta dukan buhu har Walida ta leƙo tana dariya, wai Umma na hukunta shinkafa.

Yarinya ba ta zaunuwa a sito. Tsofaffin suka gano ta. Akwai wata da kowa ke ce wa Popo, wato kaka, 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin ɗankwali, a keken guragu take. Jikokinta suna nesa. In ta ga Walida sai ta jawo ta, tana shafa kitsonta tana ta zuba mata magana, yarinyar na amsa mata da Hausa. Sun fahimci juna fiye da yadda nake fahimtar kowa a garin.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tanti ta ce, "Bar ta ta sha iska, ita ba buhu ba ce."

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, ana tsakiyar wasannin. An jera tsofaffi a gaban talabijin, 'yan ƙasarsu na gasar tsalle cikin ruwa. Idon kowa yana can, har nas ɗin gidan. Ni ina tura keken shayi.

Lokacin longan ne. Wani ɗan itace ne kamar kanya, in an ɓare cikinsa fari, sulɓi gare shi, da baƙin ƙwallo a tsakiya. An hana shiga da shi gidan, amma masu ziyara sukan ɓoyo wa iyayensu. Popo ta ciro ɗaya daga hannun rigarta, ta ɓare, ta sa wa Walida a baki. Don ƙauna ta yi, Allah ya sani. A daidai lokacin falon ya kaure da ihu, nasu sun yi nasara. Walida ma ta daka tsalle.

Ba ta yi tari ba.

Wannan ne ban sani ba. Na ɗauka shaƙewa da tari take zuwa. Ashe shiru ne. Ta tsaya cak, baki buɗe, hannu a wuya, idanu waje, tana kallona. Kowa kuma tafi yake.

Duk dukan buhun da na yi ya fice daga kaina. Na fisgi kofi na cika da ruwa, na riƙe haɓarta zan ɗura mata. Yadda uwata za ta yi. Yadda kakata za ta yi.

Ban ga ta inda Tanti ta fito ba. Na dai ji kofin ya bar hannuna ya tarwatse a bango. Ta fisge yarinyar ta kifa ta a gwiwa, kai ƙasa, ta doka. Ƙarar kamar ana kakkaɓe tabarma. Ta sake dokawa. Ba komai. Leɓen Walida ya fara sauya launi, hannunta ya saki.

Na riƙe hannun Tanti ina ihu, "Za ki karya ta! Za ki karya mini ita!"

Ta ture ni da gwiwar hannu har na faɗi zaune. "Matsa!"

Ta sake dokawa. Ta miƙar da ita, ta zagayo ta baya, ta danna cikinta sama da dunƙulen hannu.

Abin ya fito. Ya gangara ya shige ƙarƙashin keken Popo.

Sannan kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗi irin kukan nan ba, har yau.

Nas ta ce a kai ta asibiti a duba ta, saboda dannan ciki. Na ce a'a. Da kunnena na ji bakina ya ce a'a, don na san asibiti za a nemi fasfo.

Tanti ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Asabe, kin ji abin da kika ce?"

Ta ɗauki zani ta goya Walida, ta fita da ita. Ban san me ta gaya musu a can ba. Ni ina zaune a sito, na rungumi buhun da na saba duka, har suka dawo aka ce ba abin da ya taɓu.

Da muka keɓe ta ce, "Ƙanwata, zaman nan ya isa. Tsoro ya kai ki inda za ki hana 'yarki ganin likita. Mu je ki miƙa kanki ga hukuma, a maida ku gida."

Na ce, "Za su tsare ni. Wa zai riƙe Walida?"

Ta kai hannu ta bubbuga bayanta. Ta ce, "Nan."

Ita ta raka ni, ita ta yi mini tafinta. Sun tsare ni wasu kwanaki kafin a gama shirin tafiyarmu. Abu na ƙarshe da na gani kafin a rufe ƙofa shi ne ƙafafun Walida suna lilo a gefen ƙugun Tanti. Abin da nake tsoro tun farko ya zo, an raba mu. Ban iya cin abinci ba. Duk wanda ya wuce sai in ga kamar mummunan labari ya kawo.

Ranar da na fito na tarar da Walida ta yi kumatu, da sabon kitso, tana ce mini "bon" kamar 'yar Damagaram. Tanti ta ce tun ranar longan Popo ta daina cin abinci, kuka kawai take. Sai da aka ba Walida cokali tana ba ta kunun shinkafa a baki sannan ta karɓa.

Na ce, "Kika sake kai ta wurin tsohuwar nan?"

Ta ce, "Na kai ta. Ina tsaye a kansu. Da ban kai ba da mun binne tsohuwar."

Muka dawo Kano. Na shiga makarantar manya, ranar farko malama ta rubuta A a allo, na yi dariya ni kaɗai, idona cike da ƙwalla.

Amma tsoron bai bar ni ba. Tun daga ranar ba a cin aya a gidana. Ba alewa mai ƙwallo. In yarana na cin abinci ba na iya ci, wuyansu nake kallo. Maƙwabta sun san ni da haka, wasu har tsokanata suke.

Da Walida ta girma ta sami gurbin karatu a Guangzhou, na ce ba inda za ta. Babanta ya yi magana, yayyena sun yi, na toshe kunne. Garin da ya kusa cinye mini ita?

Sai ga Tanti ta biyo ta Kano, ta je ganin gida Damagaram za ta koma. Haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan. Ta rame, furfura ta fito, amma bakin yana nan. Ta same ni a tsakar gida ina cire ƙwallon dabino.

Ta ce, "Na wa?"

Na ce, "Na Walida."

Ta ce, "Asabe, haƙoran yarinyar nan sun fi naki yawa."

Muka yi dariya. Sai ta zauna kusa da ni ta ce, "Ba ni ita. Na taɓa riƙe miki ita, na maido miki da ita da kumatu."

Na ce, "Tanti, in wani abu ya same ta, ina nan, ba na kusa fa?"

Ta ce, "Ran nan ai kina kusa. Kofi ne a hannunki."

Maganar ta shige ni. Ta kamo hannuna ta riƙe a cinyarta. Ta ce, "Ba don in ɓata miki na faɗa ba, ƙanwata. Allah ke tsarewa, sai kuma abin da hannu ya koya. Bar ta ta je ta koya."

Na ba ta ita. Ba don tsoron ya tafi ba, don Tanti tana can ne kawai. A filin jirgi Tanti ta waiwayo ta ce, "Wuce gida, 'yar Kano, kada ki suma wa mutane a nan."

Tun daga nan, duk Juma'a Walida na wurinta. In na kira waya ba a ɗauka ba, Tanti nake kira. Ta ce, "Tana aji, Asabe. Ajiye wayar ki je ki ci abinci." Sai in iya ci.

Yau wa zan kira?

Da hantsi na sake neman Walida. Abin da na fara tambaya, ba dai ƙona ta za su yi ba, don na san al'adar wasunsu a can. Ta ce a'a, maƙabartar Musulmi za a kai ta, inda mijinta yake, da an gama takardu.

Na ce, "To ki haɗa kayanki. Ana binne ta ki biyo jirgin farko."

Ta ce, "Umma, matan masallaci sun ce da ni za a yi mata wanka. Ba ta da kowa na gida a nan sai ni."

Na ce, "Na ji. Bayan nan fa?"

Ta ce, "Umma, kin san inda nake yanzu? Ina kicin ɗin. Mai taimakonta sabuwa ce, tun safe ta kasa taɓuka komai, ga tsofaffi sai sun ci na yamma. Na zauna na cire musu ƙayar kifin. Na bi, na sake bi, yadda take yi." Sai muryarta ta karye. "Na tsinci ɗaya a zagaye na biyu, Umma. Na rasa wanda zan ɗora wa a hannu."

Muka ajiye waya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro nake ji. 'Yata tana can ƙarshen duniya, kuma bayan da aka bubbuga mini aka ce "nan" gobe ƙasa za ta rufe shi. Na rubuta mata "dawo gida" na goge, na sake rubutawa na goge.

Ga abin da na tura a ƙarshe. Na ce ta zauna ta gama karatunta. Na ce in ta zo wanke hannun daman Tanti ta yi a hankali, ta daɗe a kansa, don da shi aka maido mata da numfashi.

Ya Allah, ga Mariama ta zo gare ka. Ba ta haifa ba, amma ta goya. Yadda ta buɗe wa 'yata hanyar iska ranar da ta toshe, ka buɗe mata kabarinta, ka shigo mata da iskar Aljanna. Yadda ta rufa mini asiri da zare ja da baƙi da fari, ka rufa nata. Duk lomar da ta tsabtace wa tsoho, ka sa ta a mizaninta. Ka yafe mata, ka haɗa ta da ƙanenta da mijinta cikin rahama.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah kada ku wuce haka nan. Ku yi mata addu'a ko da a zuci ne, sunanta Mariama. In kun gama ku sa Walida a ciki, Allah ya tsare mini ita inda idona ba ya kaiwa. Ni ma ku roƙa mini, Allah ya ba ni ikon ajiye kofin.